Atishawa a Gaban Surukai

Jama'a, yau hancina ya tona mini asiri!

Kun san allurar alarji, ciwon nan mai sa ni atishawa, da lokotoro ya ce in yi ta yi har shekara uku? Wata huɗu na yi, na ce na warke, na daina. To yau muka tahi Kalfu gaida iyayen Hadiza, wadda zan aura. Muna shiga, mata na sussukar hatsi. Ƙaiƙayi ko'ina!

Na durƙusa zan ce "Baba, ina wuni", sai atishawa. Ɗaya, biyu, har lissafi ya ɓace mini! Ido jawur, majina har kan sabuwar shaddata.

Tsohon ya ce, "Yaro, kuka kake?"

Kafin in amsa, gwaggon Hadiza ta leƙo. Ashe ita ce mai yi mini allurar a asibitin Tawa!

Ta ce, "Lah! Yaya, wanga ne ya tsere mana! Katinshi na nan wurina."

Baba ya dube ni sama da ƙasa. "Allura ma ka guje mata, ina ga aure?"

Litinin zan koma. Gwaggo ta ce da hannunta za ta tsira mini, kuma Hadiza za ta zo kallo.