Turke na Biyar

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ni ne mai shela a garinmu, can gefen Bagwai. Kafin dagaci ya saya mini lasifika mai batir, da maƙogwarona kaɗai nake aiki, kuma a wancan zamanin in na ce "Jama'a ana gaishe ku" a bakin kasuwa, sai mutanen Kunci su amsa suna daga kwance. Har yau akwai wata tsohuwa da ke cewa ni na kurumtar da ita. Ban musa ba, talla ce.

Mutane suna son shelata don ba na kawo ta gaya, sai na zuba mata miya. Amma sana'ar tana da ƙa'ida ɗaya da na gada daga wanda na gada. Duk abin da ya fito daga bakina tsakanin "dagaci ya ce" da addu'ar rufewa, maganar dagaci ce, doka ce. In na shafa addu'a, to abin da ya biyo baya nawa ne, shirme ne, kowa ya yi dariya ya watse. Yaro ma ya san wannan iyaka.

Babbar shelar shekara ita ce ta ɗaure dabbobi. Mu nan ba mu da daji. Gona tana manne da gona, bayan ɗakin wani shi ne kunyar geron wani, in ka yi atishawa a gonarka sai maƙwabci ya ce ka kwantar masa da dawa. Don haka da shuka ta tsiro, kowace akuya da tunkiya sai ta koma turke, a riƙa yanko mata ciyawa har a gama roron wake.

Ina da taubashi, ɗan goggona. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini bawansa, tun muna tsirara ba a raba gardamar ba. Mutum ne mai shiru da tsananin jin kunyar jama'a. Yana da 'ya, a lokacin shekararta bakwai. Ba ta kallon idon mutum. In aka buga ƙarfe kusa da ita sai ta toshe kunnuwa ta durƙusa. Takan wuni tana jera ƙwallayen goruba a layi, kuma in ka gusar da ɗaya sai ka ce ka yanke mata yatsa. Gari ya ce iska ce. Aka yi turare har kajin gidan suka fara tari, ba abin da ya canza.

Uwarta ce kaɗai ba ta yarda ba. Ta riƙa goya ƙanin yarinyar, ta riƙe hannunta, su hau motar kasuwa zuwa Ungogo, daga nan a-daidaita-sahu zuwa wani asibiti a birni. Can aka gaya mata cewa ba aljani ba ne, ba kuma hauka ba, haka aka halicci yarinyar, wai sunan abin otizim. Wata ma'aikaciya ta koya mata dabara: magana gajera, abu ɗaya a lokaci ɗaya kullum, a nuna mata abu a faɗi sunansa, a jira. Shekara biyu tana wannan, ta samu kalma huɗu. Ruwa. Inna. A'a. Tafi. Ni da nake ɓarar da kalma dubu kafin in sha koko, da aka ba ni labari cewa na yi, "Kai, ashe an kusa ƙwace mini lasifika."

"Tafi" ita ce babbar kalmarta. Kullum da hantsi sai ta faɗe ta, uwar ta raka ta su bi hanya ɗaya tak, ta tsakanin gonaki, zuwa gindin wata tsamiya, ta taɓa tsamiyar su dawo. Matsalar ita ce ba ta iya ganin abu ya kauce daga layi. Mu kuwa wake muke sakawa a tsakanin gero. Wannan damina, ran da ƙanin ya kwana da zazzaɓi uwar ba ta samu fita ba, yarinya ta fita ita kaɗai. Ta shiga gonar wani dattijo mai shayi, ta bi kunya uku, ta tuge duk wani wake da ya tsiro a tsakani, ta jera su a gefen hanya, saiwa na kallon gabas, ganye na kallon yamma. Geron ko ɗaya ba ta taɓa ba. Wallahi ban taɓa ganin ɓarna mai tsafta irin wannan ba.

Washegari ita ce ranar shela. Na tsaya da kekena daidai teburin mai shayin, jama'a cike, shi yana ta kumfar baki a kan wakensa. Na kunna lasifika, ta yi ƙarar nan tata, na yi gyaran murya.

"Jama'a ana gaishe ku! Dagaci ya ce a gaya muku, shuka ta tsiro. Akuya, tunkiya, jaki, a ɗaure, a ɗaure, a ɗaure! Mai ƙafa huɗu a ɗaure."

Sai na hango bawana a ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai cikin kofi. Abin ya zo mini a baki kamar tuwo mai zafi, ban iya riƙe shi har in kai addu'a ba.

"Har da mai ƙafa biyu ta gidan bawana, mai sayen wake ba ciniki! Allah ya ba mu damina mai albarka."

Aka kwashe da dariya, wani har shayi ya fito masa ta hanci. Na ji daɗi. Na buga ƙararrawar keke na wuce unguwa ta gaba, kuma tunda ta karɓu, na maimaita ta haka har ta cika wuri shida. Ban lura na sa ta a cikin shingen dagaci ba sai da yamma, da na ji mai shayin yana cewa, "Ka ga shugaba! Ko ƙara ban kai ba ya yanke hukunci."

Gidan bawana awaki huɗu ne, turke huɗu a ƙarƙashin rumfar kara. Kafin magariba ya sassaƙa na biyar.

Kwana uku bayan nan matarsa ta zo ƙofar gidana. Ban taɓa ganinta a nan ba. Na fito ina cewa, "A'a, yau matar bawa ce da kanta? Me aka kawo wa ubangida?"

Ba ta yi ko murmushi ba. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Yaya, dagaci ne ya faɗa, ko kai ne?"

"Haba, ai kin san bakina. Wasa ne."

"To ka fita ka ce wasa ne."

"Ki gaya wa mijinki mana. Ki ce in ji ni."

"Na gaya masa. Ya ce gari duka ya ji sunan gidansa a lasifika, kafin addu'a. Ya ce ba zai zama shi ne mai take dokar dagaci ba. Yaya, bakin da ya ɗaure ta shi ne zai kwance ta. A wuri shida ka faɗa. Ka koma wuri shidan."

Na ce mata gobe. Ni dai na san abin da ke cikin goben nan. Ba a shela sai da izinin dagaci. In je in ce masa, ranka ya daɗe, na cusa maka magana a baki? Shi kuwa ana ta yi masa kirarin adalci, bai ce eh ba, bai ce a'a ba, yana dai gyara rawani. In na tona, lasifika ta tafi, kuma akwai wani ɗan'uwan matar dagaci da ya daɗe yana kallon lasifikar kamar budurwa. Na yi wa matar bawana gobe sau nawa? In da ana shuka gobe, da na cika rumbu uku.

Ita ba ta zauna ba. Ta je gidan dagaci da katin asibiti a leda, aka ce mata a yi haƙuri zuwa kaka. Ta riƙa kwance yarinyar in mijin ya tafi gona, ta raka ta tsamiya da gudu, har wata maƙwabciya ta gani ta kai magana, mijin ya ɗaure ƙullin da irin ɗaurin da ake wa bijimi. Uwar ta naɗa tsumma a idon sawun yarinyar don igiya ta daina ci. Da dare ne kaɗai ake shigar da ita ɗaki. Ta roƙi a ba yarinyar kunya ɗaya a bayan gida, gero zalla, a layi, ta riƙa bi. Aka ce ana fama da abin da za a ci, ita tana zancen gonar wasa.

Wajen sati na biyar na shiga gidan bawana aron fartanya. Tun daga zaure na ji muryata. Ba mai kama da tawa ba, tawa.

Yarinyar tana tsaye a ƙarshen igiya, inda ƙafarta ta riga ta zana da'ira a ƙasa, ta yi sumul kamar daɓe. Ta fara da ƙarar lasifika, ta yi gyaran muryata, har ɗan tarin da nake yi. "Jama'a ana gaishe ku! Dagaci ya ce a gaya muku..." Ba ta tsallake harafi ba. Akuya, tunkiya, jaki. Mai ƙafa biyu ta gidan bawana. Ta rufe da addu'a, ta yi ƙararrawar keke da bakinta, ta koma farko. Yaran unguwa sun yi layi a jikin darni, sun huda karan da yatsu, suna ihu, "Sake! Sake, akuya!" Wani ya jefo mata ganyen wake.

Ina so in rubuta cewa na kore su. Dariya na yi. Abin ya yi kama da ni ƙwarai, ban san lokacin da ta kufce mini ba. Na ce, "Kai, wannan ai sai in raba albashi da ita!"

Uwar tana zaune a kan turmi da moɗa a hannu. Ta ɗaga moɗar saitin fuskar yarinyar, ta ce a hankali, "Ruwa." Ta jira. Ta sake cewa, "Ruwa." Yarinyar ta ce, "A ɗaure, a ɗaure, a ɗaure."

"Kwana goma sha biyu rabon da ta ce Inna," in ji uwar, ba ta kalle ni ba. "Da farko tana cewa tafi, tun hantsi har murya ta dushe. Da ta ga ba ya buɗe komai sai ta bari. Sauran suka bi shi. Ga fartanyar can, Yaya."

Na ɗauka na fita. Gobe ta ci gaba da haihuwa.

Da aka gama roron wake dagaci ya aiko a yi shelar sakin dabbobi. Uwar ta tare ni a hanyar rijiya. Ta ce abu ɗaya ya rage da zan iya yi mata.

"Kada a sake ta tare da awaki. Ka raba. Ka ce mutum ce, ka ce kai ka ƙirƙira. Ko sau ɗaya ka buɗe baki ba don a yi dariya ba."

Wannan karon na yi niyya, Allah ya sani. Na tsaya a teburin mai shayi, na sallami awaki da tumaki, na shafa addu'a, sannan na sauke murya. Na ce, "Jama'a, akwai magana. Yarinyar gidan ɗan'uwana ba dabba ba ce. 'Ya ce kamar ta kowa. Dagaci bai ce a ɗaure ta ba, ni ne."

Sai mai shayin ya fashe da dariya, ya buga cokali a tebur. "Ku ji ɗan banza! Har da fuskar liman!" Benci ya ɗauka. Ai bayan addu'a na faɗa. Shekara ashirin na koya musu cewa abin da ke bayan addu'a shirme ne, kuma sun koya da kyau. Da zan iya sake kunna lasifika in ce dagaci ya ce, in sa ta inda za ta yi nauyi. Na dubi bakuna sun buɗe saboda ni, na ji abin nan mai daɗi yana hawo mini kamar kullum. Na buga ƙararrawa na wuce. Sauran wuri biyar ɗin ban ma gwada ba.

Da yammar ranar aka kwance yarinyar, ita da awaki huɗu, da hannu ɗaya. Awakin suka ruga cikin karan gona suna tsalle. Ita ta tsaya a bakin da'irarta. Uwar ta tuge turken ta jefa a murhu, ta kama hannunta ta ce, "Tafi." Yarinyar ta fizge, ta zauna kusa da ramin turken, ta miƙa ƙafar dama, tana jira a ɗaura. Haka ta yi washegari, da washegarin washegari. An ce mini sai da aka yi wata biyu kafin ta yarda ta ƙetare zanen.

Damina uku ke nan. Uwar ta koma farko da moɗarta, da motar kasuwa, da katin cikin leda. "Ruwa" ta dawo bara. "Inna" ba ta dawo ba tukuna. Tsamiyar kuma ba ta ƙara nema ba.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka na biyu, gero ya fara leƙowa. Na zuba sababbin batira, na biyo ta layinsu. Kafin in kunna sai na ji yarinyar tana shelar daga cikin gida, da tarin da komai, ta riga ni. Uwar tana tsaye a ƙofar zaure da tsintsiya. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Ka adana batirinka, Yaya. Layin nan an riga an yi mana."