Ɗigon Shuɗi a Gidan Makoki

Ko tsufa ya sa na fara mance sunayen jikokina, ba na jin zan mance ranar da na kai maganar taurari gidan makoki.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a. Malamin da ke duba aikina ya sa ni cikin masu tace hotunan da manyan na'urorin hangen nesa na ƙasashen waje ke ɗauka. Abin da muke nema wata irin fashewa ce can nesa a sararin samaniya, mai haske shuɗi, wadda kan tashi farat ɗaya ta dushe cikin 'yan kwanaki. Ba a cika ganinta ba, kuma har yau masana ba su daidaita kan abin da ke haddasa ta ba. A gidanmu a Abakpa kuwa sunan aikin nan "kallon ɗige-ɗige".

Wata safiya ina gaban kwamfuta sai na ga ɗigo shuɗi a inda hoton baya babu komai. Na duba, na sake dubawa. Matsalar ita ce masu na'urar da za ta auna fashewar ba sa juya ta sai in wanda suka sani ya aika musu, kuma a wajenmu Malam ne kaɗai. Shi kuwa jiya-jiya aka binne mahaifiyarsa, wayarsa a kashe, yana zaman makoki a Kurmin Mashi.

Da na gaya wa Babanmu, tsohon ma'aikacin gwamnati mai son komai a kan tsari, sai ya ajiye jaridarsa ya ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Mutum na karɓar gaisuwar uwarsa ki kai masa aiki? Ki bari a yi sadakar uku."

"Baba, kafin nan ta dushe."

"To ta dushe mana. Sama ce, ba ta ƙarewa."

Gaskiyarsa ce ta wani gefen, amma ni na riga na ƙudurta. Na ce masa gaisuwa dai wajibi ce a kaina, bai hana ni ba. Na zura hijabi na tari Keke.

Maza na waje a kan tabarmi, Malam a tsakiyarsu, inda mace ba ta isa ta tsaya ba. Na shige wajen mata, na yi gaisuwa, na raɓe kusa da ƙofa ina jira. Aka yi azahar, aka ci abinci, ina nan. Wata gwaggonsa ta lura da wayar da nake ta juyawa a hannu, ta tambaye ni, ni kuma ban iya ƙarya ba. Ta riƙe haɓa ta ce, "Tauraro? Yau na ga ikon Allah! 'Yar nan, a gidanku ba a mutuwa ne?" Wallahi na ji kamar in nutse, amma ban tashi ba.

Dab da la'asar Malam ya shigo alwala. Na durƙusa na ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya." Ya amsa, zai wuce. Na ce, "A gafarce ni, na ga shuɗi."

Ya tsaya cak. Ya ajiye butar, ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo da jajayen idanunsa. A tsaye a wurin ya aika saƙon da wayata. Da zai miƙo min ita ya ce, "Abin da ya same ni ba ni da yadda zan yi da shi. Wannan kuwa ina da. Kin kyauta da kika zo."

Aka juya na'urar, aka sami fashewar tana nan da sauran haskenta, har aka auna ta kafin ta ɓace. Gwaggon kuwa har na bar gidan ba ta amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ranar ta koya min shi ne, sau da yawa da sunan kunya muke yanke wa mutum hukunci ba mu tambaye shi ba. Ka je da ladabinka, ka durƙusa, ka faɗa. In a'a ce, bari ta fito daga bakinsa.