Kumatun Goggo

Matso kusa ka zauna, ka ji labarin Goggo mai ɗinki.

A danginsu, duk wanda ya kwanta asibiti, Goggo ce ke kwana a gefen gadonsa. Ita ke juya shi, ita ke faɗa da nas. Sai shekara shida baya fatar idonta ta fara saukowa da kanta. In la'asar ta yi, allura ta zame mata biyu, loma ta ƙi wucewa. Likita ya ce garkuwar jikinta ce ta rikice, take tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka. Ya ɗora ta kan ƙwayoyin danne garkuwar, ba ranar dainawa.

"Mama, ƙarfi zai dawo," in ji shi, "amma murar wani tana iya kwantar da ke. Mai tari, ki ba shi hanya."

Ƙarfi kuwa ya dawo. Sai dai maganin ya ciko mata kumatu kamar mai hutu. To, wa zai yarda mai irin wannan kumatu ba ta da lafiya?

"Goggo an samu duniya," in ji matar ƙaninta. "Ana ta ƙiba, an daina sanin mutane."

Ta yi bayani har ta gaji. Masu kawo ɗinki ta taga suke miƙo kaya, kujerar baƙi ta koma wurin tara yadi. Wani yinin, ban da rediyo, ba wanda ke ce mata uffan.

Ran Talata ciwon huhu ya kwantar da yayarta, wadda ta goye ta tana jaririya. Aka kawo saƙo: "Ku ce wa ƙanwata ba na cin abinci a hannun kowa sai nata. Ta zo."

Goggo ta ɗaura takunkumi biyu, ta je, ta tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya. Gado goma sha biyu, tari na amsa tari. Ta gilashi ta hango Yaya, ta zabge, idonta a kan ƙofa.

Matar ƙanin ta leƙo. "A'a, yau manya ne a gari? To shigo mana, ba ma cizo."

Goggo ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar, ta kasa murɗawa, ta kasa saki.

Kai da ke saurare, da ƙanwarka ce, me za ka ce mata: ta shiga, ko ta ɗaga hannu ta gilashi ta koma gida?