Injiniyan Tudu a Tsakiyar Lagun

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da muka tsaya cak a tsakiyar ruwan lagun, babban tafkin nan na Abidjan, ni da kawuna da wani dattijo matuƙin jirgi, inji yana tururi, ni kuwa ban iya iyo ba.

A lokacin ina da shagon kayan gyaran mota a bayan tashar Adjamé. A Abidjan aka haife ni, na yi lekol, wato makarantar boko, har ina karanta katalog da Faransanci, kuma wannan kaɗai ya isa dangi su sa mini suna Injiniya. Ban taɓa musawa ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwa ne da ya zo daga Katsina. Da ya ga yadda mutane ke shan wahalar cunkoso a gada kullum, sai ya sayi pinas a Treichville, wato dogon kwale-kwalen nan da ke ƙetare da fasinja. Injinsa kuwa, sabo dal, a ƙofar shagona aka sauke shi, don Kawu ya ce babu mai taɓa shi sai ɗansa, wato ni.

Ban taɓa riƙe injin ruwa ba, amma na ce a raina ai inji duk inji ne. Na ɗaure shi a jikin bencin ƙarfe, na zuba mai, na ja igiya. Ya tashi da wata ƙara mai daɗi, 'yan dako da maƙwabta suka taru, Kawu yana ta masha Allah. Duk wanda ya iso a makare sai in sake tada masa shi. Da wani warin roba ya fara tashi, na yi musu bayani cewa ƙamshin sabunta ne.

Farfelar da ta zo da injin ƙarama ce, sai na raina ta. Na nemo wata ƙatuwa mai ƙyalli, mai kunnuwa a murɗe sosai. Lissafina na mota ne: babbar taya ta fi cin hanya.

Ranar gwaji muka tarar da matuƙin da Kawu ya ɗauka yana jiranmu a bakin ruwa a Treichville. Basarke ne daga Yawuri, ya tsufa a kan lagun. Ya juya farfelata a hannunsa, ya ce, "Alhaji, wannan ta jirgin shan iska ce, wanda ba ya ɗaukar kaya. Pinas nauyi yake ja. Ƙaramar yake so, wadda inji zai juya ba nishi."

Na ce, "Baba, abin nan lissafi ne. A rubuce yake."

Kawu ya dube ni da littafin injin a hammata, ya dubi dattijo da wando a naɗe, ya ce a sa tawa. Abu ɗaya dattijon ya kafe a kai: Kawu ya so ya kwaso iyalinsa a yi tafiyar farko da su, shi kuwa ya ce buhunan yashi za a loda a madadin mutane, in ba haka ba a nemi wani matuƙin. Har yau in na tuna wannan kafewar sai in yi masa addu'a.

Da aka tada inji ya leƙa bayansa ya ce, "Ba ya fitsari yadda ya kamata." Na tuntsire da dariya. Ashe akwai wani siririn ruwa da injin ke tsartowa ta baya, shi ne shaidar cewa ruwan sanyaya shi yana zagayawa. Namu ɗiga kawai yake yi. Na ce injinan zamani ba su da ɓarna. Da haka muka tashi.

Tun daga bakin gaɓa injin yake gurnani kamar gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, a kan hawa, ya ƙi sakin murya. Muna kaiwa tsakiya ɗigon ya ɗauke, tururi ya fara fita ta ƙarƙashin murfi. Dattijo ya kashe shi nan take. Ruwa ya soma janmu a hankali zuwa wajen manyan jiragen fot, wato tashar jiragen ruwa. Wani jirgin fasinja ya gifta, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke, na rungume buhun yashi kamar shi zai cece ni. Kawu ya katse salatinsa, ya juyo da zuciya ɗaya ya ce, "Injiniya, me littafin ya ce?"

Na ce, "Leda ce, Kawu. Mutanen garin nan da zubar da shara."

Dattijo ya sunkuya ta bayan jirgin. Ya karkato injin sama, ya duba ramukan da ruwa ke shiga, babu leda, babu ciyawa. Ya zura zaren kamun kifi a ramin fitsarin, ba a toshe yake ba. Ya ce, "To, ciwon a ciki yake." Sai ya miƙo mini filafili. Na tuƙa har tafin hannuna ya yi bororo, jirgin yana ta zagaye a wuri ɗaya. Wasu mata masu sarin kifi ne suka tausaya mana, suka jefo igiya daga kwale-kwalensu, tsohon injinsu da aka ɗaure da waya ya ja sabon namu har gaɓa.

A can dattijo ya kwance ƙafar injin, ya zaro wani baƙin curi, ya ɗora a tafinsa. Ya ce, "Wannan robar ita ke jawo ruwa sama. Kunnuwa gare ta, duk sun narke. In ta juya babu ruwa, kafin ka gama alwala ta ƙone. Ga shi babu sanyi, ga farfela ta fi ƙarfinsa. Wa ya tada injin nan a tudu?"

Na shiga duban takalmina. Kawu kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya gyara babbar riga ya ce, "Ai ɗana ne ya gwada mana shi a Adjamé, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da ka ji ƙara! Unguwa kaf ta taru."

Dattijo ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya wanke ɓurɓushin roba daga hanyar ruwa, ya sa sabuwa, ya mayar da ƙaramar farfela. Injin ya tsarto ruwa kamar famfo, ya saki murya, pinas ya yi shekaru yana ciyar da gidan Kawu. Shi kuwa Kawu har ya bar duniya labarinsa ɗaya ne: inji ya zo da matsala daga kamfani, ɗansa da dattijo suka haɗu suka gano ta. Dattijon bai taɓa gyara masa labarin ba, kuma wannan shirun ya fi mini zafi da a ce ya zage ni a gaban matan kifi.

Abin da na koya a ranar shi ne, mutumin da aka yarda da shi ya fi kowa haɗari in yana jin kunyar cewa bai sani ba. Tun daga lokacin, in aka kawo mini abin da ba fannina ba, nakan faɗa tun ana kan ƙasa, sannan in tambaya wa ya tsufa a aikin.