Finjalin da Ilu Ya Ƙi Cikawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Ilu ɗan Damagaram, mai zuba gahawa a ƙungiyar hoki da nake aiki a nan Riyad. Lokacin da ya rasu ko sunansa ban iya rubutawa ba. Daga baya na shiga ajin manya da wani malami yake yi mana a unguwar Utaiƙa ranar Juma'a bayan la'asar, bana kuwa hannuna ya kama. Shi ya sa na ce bari in rubuta da kaina, kada in ba wani ya gyara mini Ilu ya mai da shi waliyyi. Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai faɗa, mai rowar sukari, kuma tun ranar da ya ji ni Bakano ne bai sake kirana da sunana ba.

Ga wanda bai san hoki ba, wasa ne da ake yi a kan ƙanƙara. An gina wani katafaren zaure a arewacin gari, ta hanyar filin jirgi, injuna na aiki ba hutawa don kada ƙanƙarar ta narke. 'Yan wasan suna sa takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna. Yawancinsu daga ƙasashen sanyi aka ɗauko su, wasan ne kuma abincinsu. Mai ɗauko su, mai sallamarsu, mai zaɓen koci, shi ake kira mudir. Hutun ma'aikata irinmu ma sai ya sa hannu.

Ilu bai taɓa tsayawa ya kalli wasa har ƙarshe ba. Cewa yake, "Bakano, ƙattin maza masu iyali suna dambe a kan marfin kwalba, kai kuma ka saki baki kana kallo." Aikinsa a sama yake, a majalisar da manya suke zama. A nan ya koya mini abin da nake ci da shi yau. Dalla, wato butar gahawa, a hannun hagu, finjali a dama, kana tsaye. Da wanda ya fi kowa girma a wurin ake farawa. Kuma ba a cikawa. Ɗan kaɗan ake zubawa a gindin finjali, baƙo ya sha da zafinsa ya miƙo a ƙara masa. In ka cika wa mutum finjali fal a majalisar Larabawa, ka ce masa ke nan ya sha ya tashi, ba a son zamansa. Kowa zai gani, kowa zai gane, ba kuma wanda zai ce uffan.

Abin da ya tayar mini da Ilu bana shi ne zancen da ya cika gidan nan. Ƙungiyar ta sha kashi a jere, har waɗanda suke zuwa don sanyin zauren sun rage zuwa. Sai aka fara raɗa cewa masu ƙungiya za su sauke mudir, Abu Salim, su ɗora mataimakinsa, wanda ake kira Dakta, ko da yake ban taɓa jin wanda ya warkar ba. Ba a sauke kowa ba tukuna. Ba a ma faɗa a fili ba. Amma ku zo ku ga mutane. Waɗanda da suke tsere wajen buɗe wa Abu Salim ƙofar mota, yanzu in ya tsaya sai waya ta kira su duka a lokaci guda. Waɗanda suke fara dariya tun bai ƙarasa zancensa ba sun kwashe dariyarsu sun kai ofishin da ke gaba. Wani ma'aikacin ofis da ya sa wa ɗansa suna Salim ya fara gaya wa mutane cewa sunan kakansa ne. A waya kuma ga masana sun fito, mutanen da ƙafarsu ba ta taɓa hawa ƙanƙara ba, suna bayanin yadda ake gina ƙungiya.

Me Ilu zai ce da ya ga wannan? Ina jin ko ɗaga kai ba zai yi ba, don ya riga ya gani. A zamaninsa Abu Salim ne mataimaki. Mudir na lokacin wani dattijo ne mai ciwon gwiwa, surukin ɗaya daga cikin masu ƙungiya. Sun gaji da shi, amma ba mai iya kallon idonsa ya ce ya sauka. So suke ya gane da kansa ya ajiye aiki, su kuma su ce sun yi baƙin ciki. Ina wanke finjalai Abu Salim ya shigo kicin da kansa, wurin da bai taɓa takawa ba, ya dafa kafaɗar Ilu.

"Ya Ilyas, gobe ka fara da ni. Shi kuma ka cika masa."

Ilu yana dakan citta da kanumfari na shayinmu, bai daina ba. Ya ce, "Hannuna bai iya cikawa ba, ya ustaz. In magana ce da ku, ai kuna da baki."

Washegari ya fara da dattijon kamar kullum, ɗan kaɗan a gindin finjali. Hakan bai ceci kowa ba. Bayan wasu makonni aka sallami tsohon ta waya, yana asibiti ana duba masa gwiwa. Abu Salim ya hau kujera, kuma bai manta ba. Bai kori Ilu ba, don ba wanda ya kai shi iya dafa gahawa. Hutunsa kawai ya riƙe. Duk lokacin da Ilu ya tambaya, sai ya ce, "Bukra, in sha Allah," goben da ba ta zuwa. A wannan tsakanin aka haifa wa Ilu jika a Damagaram, aka sa masa sunansa. A waya ya ga yaron ya zauna, a waya ya ga ya fara rarrafe. Yaron na koyon tafiya zuciyar Ilu ta buga, a tashar mota ta Batha, yana jiran bas ɗin Utaiƙa. A nan Riyad muka binne shi. Abu Salim ya aiko da kwandon dabino.

Duk tsawon wannan lokaci da Abu Salim Ilu yake farawa. Na taɓa tambayarsa, cikin fushi, yadda yake iya miƙa wa mutumin nan finjalin farko. Ya ce, "Kujera nake zuba wa, Bakano. Shi ko ruwan wankin finjali bai cancanta ba." Ban gamsu ba a lokacin. Na ɗauka tsoro ne ya sa masa rigar al'ada.

Makon jiya aka sa ranar taron masu ƙungiya. Ana gobe taron, sai ga Bashari direban bas ɗin 'yan wasa ya shigo kicin. Bashari namu ne, ɗakinmu ɗaya muka taɓa zama. Wata biyu da suka wuce shi ne mai kai 'ya'yan Abu Salim makaranta ba a sa shi ba. Yanzu jakar Dakta yake riƙewa.

"Malam Sale, an ce in gaishe ka."

"Wa?"

"Ka san wa. Ya ce ya ji Inna ba ta jin daɗi, ya ce abin ya taɓa shi."

Mahaifiyata tana Kano, idonta yana rufewa a hankali. Rabona da ita ya kai shekara uku, kuma likita ya ce in ina so ta gan ni da idonta, kada in wuce babbar Sallah. Na nemi hutu tun da jimawa, ana ta ce mini a bari a ga yadda gidan zai zauna. Ban gaya wa Dakta wannan ba. Bashari kaɗai na gaya wa, a bakin mai shayi a Batha.

"To, na gode da gaisuwa," na ce.

"Abin ba wuya. Gobe ka fara da shi. Wancan kuma ka cika masa, khalas, shi ke nan. Ranar da ya zauna, hutunka ne farkon abin da zai sa wa hannu."

"Su masu ƙungiyar bakinsu ciwo yake?"

"Kai wallahi ka tsufa da shirme. Manya ba sa irin wannan magana da baki. Kuma tsaya in tambaye ka, ba mutumin nan ne ya hana Ilu ganin jikansa ba? Ga ramuwa an kawo maka har kicin, har da lada a kai. Wa kake karewa?"

Tambayar ta kama ni. Gaskiya ya faɗa, ko da yake ba don gaskiya ya faɗe ta ba. Shekara bakwai ina miƙa wa Abu Salim finjali ina tuna kwandon dabinon nan. Da za a ba ni zaɓi, ni ma zan so ya sauka. Ba na jin Dakta ya fi shi, irinsu ɗaya ne, sai dai wannan turarensa ya fi ƙarfi. Amma abin da ya tsaya mini shi ne wannan: mutane masu gidaje da motoci, masu ikon ɗauko ƙato daga wata duniya su biya shi ya yi sulɓi, sun kasa buɗe baki su gaya wa ɗan'uwansu kalma biyu. Sai dai su bi ta kicin, su ari hannun bare mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama, wanda in abin ya ɓaci gobe za su ce bai san al'ada ba ne.

Ranar taron majalisa ta cika. Abu Salim yana kujerarsa, ya rame, yana ta gyara rawanin kansa. Dakta yana gefen damarsa yana murmushi da kowa. Da na shigo da dalla sai hira ta ragu, na gane ashe ba Bashari kaɗai ya san zancen ba. Duk sun sani. Sun zo kallo ne.

Na fara da Abu Salim, ɗan kaɗan a gindin finjali. Ya karɓa bai kalle ni ba, kamar yadda bai taɓa kallona ba. Ban sani ba ko ya san abin da aka shirya masa. Na zuba wa Dakta na biyu. Ya karɓa, ya riƙe, ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba. Aka yi ta zancen koci da 'yan wasan da za a sayo, aka ci dabino, aka tashi ba a yanke komai ba. An ce sai taro na gaba. Har yau da nake wannan rubutu Abu Salim ne mudir, kuma kowa ya san kwanansa a kujerar ba su da yawa.

Bashari ya same ni a bakin ƙofa, ya ce, "Ka kyauta wa kanka. In ka ga Kano bana, ka canza mini suna." Hutuna yana nan inda yake. Mai tafiya ba ya sa hannu a komai yanzu, mai zuwa kuwa ya riga ya ajiye finjalina.

Ranar Juma'a na kira Inna na gaya mata duka, don ba na so ta yi ta ƙirga mini kwana. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Shi mutumin da ka tsare wa mutunci, mutumin kirki ne?" Na ce a'a. Sannan ta ce, "To. In sun bar ka, ka zo. In ba su bar ka ba, ka riƙa kirana da rana, lokacin nake ɗan ganin fuskarka a wayar."

Ilu bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kabarinsa ma ba zan iya nuna muku ba, don a nan ba a sa alama, na koma maƙabartar na tarar layuka sun ƙaru sun haɗiye shi. Masu ƙungiyar sun manta sunansa, in sun tuna shi sai su ce baƙin nan mai gahawa mai kyau. Abin da ya bari guda ne, kuma mai tsada ne: hannun da ba a aikensa ya faɗi abin da matsorata suka kasa faɗa. Shi ya biya da ganin jikansa. Ni ban san iyakar abin da zan biya ba tukuna, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce ba ya yi mini ciwo. Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa faɗansa, ya raya takwaransa. Inna kuma Allah ya ja mata ranar idonta har in iso.