Fartanyar da Ɗantani Ya Mayar

Ɗantani manomin albasa ne a fadamar Bodinga. Kuturta ta cinye masa yatsu uku, kuma a asibitin mishan inda ya yi jinya ya zama Kirista. Tun da ya dawo gida ba shi da aiki sai leƙen gonar wansa Lirwanu. Albasar Lirwanu kamar dunƙulen hannu take, tasa kuwa ba ta wuce ƙwan zabo ba, abin yana cin ransa.

Shekarar da Turawa suka shirya nunin amfanin gona a Shagari, ya faki ido ya tono manya goma daga gonar Lirwanu, ya kai da sunansa. Bature ya yaba masa, aka ba shi sabuwar fartanya. Lirwanu na cikin taron. Ya gane albasarsa, amma har da shi aka yi tafi.

Tafin nan ya hana Ɗantani cin tuwo. Matarsa Saratu, wadda suka haɗu a asibitin, ta ce, "Maigida, mi kaka biɗa wurin mutane? Sa'adda Almasihu yak karɓe ka, albasa nawa kak kai mai?"

Washegari Ɗantani ya tarar da Lirwanu cikin dattawa a ƙofar gida, ya durƙusa, ya ajiye fartanyar, ya faɗi abin da ya yi, kansa a sunkuye.

Ranar kasuwa ya baza 'yan ƙananan albasarsa dab da tulin wansa. Kunya ba ta gama sakinsa ba, amma ko sau ɗaya bai waiga ya dubi tulin ba.