Ɓarin Goro a Ƙasan Kunnen Mama

A gidanmu na Sabon Tasha babu mai yarda da maganata. In na ce na ga ɓera, sai a tambaye ni ko ya kai akuya. Suna da gaskiya, ni ce na taɓa tara unguwa da ihun gobara don tuwo ya kama.

Shekara uku Mama na fama da ciwo mai sunan karya haƙori, sakoidosis. Yana sa ta tari, yana tayar mata da kaluluwa. Likita ya gargaɗe mu cewa masu shi sun ɗan fi sauran mutane haɗarin kamuwa da limfoma, wato sankarar kaluluwa, kuma ido ba ya bambanta su. Duk sabon kumburi, a gaya masa.

Wata Asabar ina mata kitso, yatsana ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙasan kunnenta.

"Tsohon ciwon ne," in ji ta. "Taron zumuntar mata ya kusa, ni ke ba da waƙa. Kika buɗe baki, ni da ke ne."

Na gaya wa Baba. Ya yi dariya. "Ya kai kabewa?"

Mama ta sauko da ɗaurin ɗankwali har kunne, ta ninka ƙwayoyin maganinta. Matan coci har suka fara kwaikwayon ɗaurin.

Ranar asibiti na raka ta. Likita ya tambaya ko akwai sabon abu.

"Babu, likita, mun gode Allah." Ta taka min ƙafa.

In na zuzuta, zai yi dariya kamar Baba. In na yi shiru, ba za mu sake ganinsa ba sai bayan wata uku kuma.

"Akwai," na ce. "Girman ɓarin goro. Ba ya mata zafi. Yau kwana goma sha ɗaya. Tana jiƙa matashi da gumi, kuma ta ninka magani."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye biro, ya ce ta cire ɗankwali. Ya daɗe yana taɓa wurin. Ya ce ƙarin maganin na iya ɓoye cutar a gwaji, kuma dole a ciro kaluluwar a duba.

Ni da Mama muka kama hanyar gida a keke mai ƙafa uku, har muka kai unguwar Television. Can ta ɗora min ɗankwalin a cinya.

"Ke za ki gaya wa babanki," ta ce. "Yadda kika gaya wa likita. Kada ki ƙara gishiri."